Dashen maɗaci a bakin titi da yadda muke tsare shi daga awaki

A layinmu ba ma ɗauko dashe sai keji ya kammala, an kuma san gidan da zai riƙa ba itacen ruwa. Haƙa rami da saka itace aikin yini ɗaya ne. Abin da ke kashe itacen bakin titi yana zuwa ne daga baya, daga watan Nuwamba zuwa sama, lokacin da ciyawa ta bushe, aka gama girbi aka saki dabbobi, ɗanyen ganye kuma babu shi a ko'ina sai a kan ɗan itacen da ka dasa. Akuya ɗaya tana iya cinye abin da ka shekara kana renonsa kafin ka shiga gida ka fito. Shi ya sa idan kuɗin hannu na keji goma ne, goma muke dasawa, ko da an ba mu dashe ɗari kyauta.

Maɗaci muka zaɓa, wanda masana ke kira Khaya senegalensis. Itacen ƙasarmu ne, ya san raninmu. Idan ya samu wuri yakan kai mita 20 zuwa 30, kansa ya yi zagaye, ganyensa kore shar mai sheƙi, sabon tohonsa kuma ja-ja, abin sha'awa. Duk wanda ya bi tsofaffin titunan unguwannin Turawa a Kano ko Kaduna ko Zariya ya ga irin inuwar da yake yi. Amma ba kowane wuri ya dace da shi ba, kuma gara a faɗi wannan tun kafin a taɓa diga. A lungu mai ƙunci saiwarsa za ta ɗaga daɓe, ta fasa lambatu, ta tsaga katanga. Ƙarƙashin wayar wuta kuwa, ranar da ya yi girman da ake so, ranar ma'aikatan wuta za su zo su gundule masa kai. Mu dai muna barin aƙalla mita 5 tsakaninsa da ginin gida, mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga bakin lambatu, sannan mita 10 zuwa 12 tsakanin itace da itace. Idan titi bai ba da wannan sarari ba, a nemi itacen da bai kai shi girma ba. Muna kuma tambayar masu gidaje inda bututun ruwa ya bi, mu sanar da mai unguwa, idan babban titi ne a nemi yardar hukumar tsara gari, don kada gobe a zo faɗaɗa hanya a tumɓuke.

Iri a rani ake samunsa. 'Ya'yan maɗaci ƙwallo ne mai tauri kamar katako, launin toka, faɗinsa santimita 4 zuwa 6. Idan ya nuna sai ya tsage gida huɗu, ƙwayoyin su zubo, fale-fale masu launin ƙasa da ɗan fiffike a gefe, iska ta kwashe su. Muna tsinko waɗanda suka fara buɗe baki a kan uwa mai miƙaƙƙen jiki, mu shanya a kan buhu har su ƙarasa buɗewa. Sai a tsince: duk ƙwayar da ke da ɗan huji, ƙwaro ya riga ka, a zubar. Irin maɗaci ba ya jure ajiya a ɗaki mai zafi, cikin 'yan watanni ƙarfinsa yake raguwa, don haka sabo muke shukawa. Ba ya bukatar jiƙo ko ƙanƙara baya irin yadda ake yi wa bagaruwa.

Ƙasar leda kashi huɗu ce: biyu ƙasar sama ta gona, ɗaya yashi, ɗaya taki wanda ya ruɓe sarai har ya daina wari. A huda ledar a ƙasa da gefe. A kwantar da ƙwaya biyu a kowace leda, a rufe da ƙasa kaurin yatsa ɗaya, kada ya wuce santimita 2. A ajiye a ƙarƙashin rumfar zana mai barin rana ta ɗan ratsa, ana ba da ruwa safe da yamma. Cikin kwana 10 zuwa 20 za su tsiro. Idan duka biyun suka fito, a cire mai rauni.

Abu ɗaya da masu reno a gida suke yawan mantawa shi ne matsar da ledoji. Maɗaci yana fara sakin doguwar saiwa ƙasa kafin ya damu da tsawo. Idan leda ta zauna wuri ɗaya wata biyu, saiwar za ta fita ta huji ta kama ƙasa, itacen ya yi ta kyau kana murna, ranar ɗauka kuma ka fizge rabin saiwarsa, ya yi yaushi kafin a kai shi rami. Duk bayan mako biyu ko uku muna ɗaga kowace leda, mu yanke abin da ya leƙo da wuƙa mai kaifi, mu sauya mata wuri. Na gona ana iya dasa shi yana da wata uku ko huɗu. Na bakin titi ba ma yarda da ƙarami haka. Muna mayar da shi babbar leda ko buhun siminti da aka wanke, ya shekara, ya kai santimita 80 zuwa mita ɗaya, jikinsa ya yi kaurin yatsa. Kowane santimita da ya ƙara a cikin gida, inda babu akuya, ragi ne a kan lokacin da zai yi a keji. Saura wata ɗaya a dasa, sai a janye rumfa a rage ruwa, ya saba da rana. Wanda zai saya a wurin masu sayar da dashe ya ɗaga ledar ya duba gindinta, ya kuma guji wanda ya riga ya yi kai biyu.

Rami muna haƙa shi tun kafin ruwa ya zauna, santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi. Ƙasar bakin titi ba ƙasar gona ba ce. Akwai marmara da injin daɓe ya danne, akwai ɓaraguzan gini, guntun kwalta, ledoji, wani lokaci har tsohon siminti. Idan diga ta ci karo da dandaƙaƙƙiyar ƙasa a gindin rami, sai an fasa ta, in ba haka ba ramin ya zama tukunya: ruwan Agusta ya kwanta a ciki saiwa ta ruɓe. Gwajinsa mai sauƙi ne. A zuba jarka ɗaya ta ruwa da yamma. Idan da safe akwai sauran ruwa tsaye, a ƙara zurfi ko a sauya wuri. Ƙasar da aka fitar, idan ɓaraguzai sun yi mata yawa, zubar da ita muke yi mu kawo ta gona, mu gauraya da ruɓaɓɓen taki bokiti ɗaya da toka cikin tafin hannu biyu. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji ba ya shiga ramin nan. Yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu har ƙasa, wato daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli a yankin Kano. Dashen Satumba asara ce mafi yawan lokaci, domin ruwa zai ɗauke saiwa ba ta kama ba. Da yamma ake yi. A yanke gindin leda, a tsaga gefe, a zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Idan saiwa ta nannaɗe a gindi, a yanke nannaɗen. A tsayar da itacen yadda wuyansa, inda jiki ya haɗu da saiwa, zai yi daidai da bakin ƙasa. Binne wuya yana kawo ruɓa, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi don ana ganin zurfi ƙarfi ne. A cike, a danna da ƙafa a hankali, a yi masa ɗan kwari mai faɗin mita ɗaya da zai riƙe ruwa, a zuba jarka guda. Keji kuma a daren nan zai kwana a kansa. Ba a cewa sai gobe.

Kafin a zaɓi irin keji, sai a san abin da ake karewa. Tunkiya da rago ƙasa suke kiwo, sai abin da bakinsu ya kai. Akuya kuwa tana miƙewa a kan ƙafafun baya, ta dafa keji da na gaba, ta miƙa wuya. Babbar akuya a haka tana kai kusan tsayin mutum. Idan keji ya yi ƙunci, ta gefe za ta zura baki ta jawo ganye, ganyen ya jawo reshe, reshen ya jawo kan itacen. Idan akwai rata a ƙasa, 'yan awaki ƙanana ta nan suke shiga. Saniya ba ta cika damuwa da miƙewa ba, jikinta take sosawa, kuma nauyinta kaɗai ya isa ya kwantar da kejin da ba a kafa sosai ba. Jaki yana gwaguyar ɓawo. Kada kuma kowa ya dogara da cewa itacen yana da ɗaci. Makiyaya suna sassabe rassan manyan maɗatai a rani su ba shanu, ganyensa abinci ne sananne a wurin dabba. Daga wannan muka fitar da awo uku da ba ma sauka daga kansu: tsayi mita 1.8, faɗi mita ɗaya, babu kuma wata kafa da ta wuce faɗin yatsu uku daga ƙasa har sama.

Wanda muka fi amincewa da shi shi ne na raga. Ga keji mai faɗin mita ɗaya ana bukatar raga mai tsawon mita 3.3, domin zagayen da'irar ya ɗan haura mita uku, sauran kuma na haɗa baki ne. Turaku huɗu, kowanne mita 2.3, a binne santimita 50. Ragar kaji mai siririyar waya tana da arha, amma ita kaɗai ba ta tsayawa. Akuya na dafa ta sai ta lotsa ciki, bayan 'yan makonni ta zama kamar buhu, ganye ya taɓa ta, shi ke nan. Idan ita ce a hannu, dole a yi mata ɗamara uku da rodi ko katako, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama, a ɗaure ta tam da wayar ɗauri duk bayan taƙi guda. Raga mai kauri wadda aka haɗa wayoyinta da walda ta fi, idan idonta bai wuce santimita 5 ba. Gindin raga muna binne shi santimita 10 a ƙasa. Muna kuma barin 'yar ƙofa a gefe, faɗin da hannu da bokiti za su shiga, a ɗaure ta da waya. Keji marar ƙofa yana hana cire ciyawa da gyaran itace, ƙarshe sai ka ga mai ba da ruwa yana ɗaga ragar daga ƙasa, ya bar wa awaki hanya.

Turakun su ma suna da tasu matsalar. Na katako gara take ci daga ƙasa, a waje yana nan lafiya, sai iskar farkon damina ta kwantar da shi. Muna babbaka gindin da za a binne har ya yi baƙi, ko a shafe shi da kwalta a bari ya bushe. Wasu suna shafa baƙin mai, amma kada ya ɗiga cikin ramin itace. Na ƙarfe gara ba ta cin sa, sai dai shi hannun mutane ake jin tsoro, domin ƙarfe kuɗi ne a wurin masu sayen gwangwan. Idan rodi mai milimita 12 za a yi amfani da shi, a sa mai walda ya lanƙwasa gindin kowane turke ko ya liƙa masa guntun ƙarfe a gicciye, a zuba kankare a ramin turken. Kankaren a ramin turke kaɗai zai tsaya, nesa da saiwa. A shafa fenti mai launi ɗaya a duk kejin layin, don idan aka ga ɗaya a kan kura, kowa ya san daga inda ya fito.

Na bulo shi ne wanda aka fi gani a cikin gari. Ana jera bulo mai inci shida murabba'i, takwas a kowane layi, ana barin kafa tsakanin bulo da bulo, layi takwas ya kai tsayin da ake so. Wato kusan bulo 64 ga itace ɗaya. Saniya ba ta ture shi, mai babur ma yana ganinsa. Amma sai an kula da abubuwa da dama. Idan magini ya rufe kafofin don ya yi kyau, ya gina wa itacen tanda: a watan Afrilu bulo yana ɗaukar zafi, iska ba ta ratsawa, ganye ya ƙone, itacen kuma ya yi ta zuƙewa sama siriri yana neman haske, ba ƙwari. Idan kafofin suka yi faɗi, sun zama matakala, akuya ta taka ta hau. Idan ba a sa siminti ba, bulon zai riƙa raguwa ɗaya-ɗaya da dare. Muna ɗaure shi da kwaɓi mai rauni, siminti kaɗan yashi da yawa, yadda ranar rushewa za a cire bulon lafiya a kai wani itacen. Babbar illarsa ita ce mutane suna mayar da shi kwandon shara. Ledar ruwa, ɓawon rake, guntun abinci, duk a ciki. Abincin ya kira awaki da ɓeraye, wata rana kuma wani ya ga shara ta taru ya cinna mata wuta da kyakkyawar niyya. Duk mako sai an leƙa an kwashe.

Shingen ƙaya shi ne na iyaye da kakanni, kuma har yanzu yana aiki a gefen gari da ƙauye. Rassan magarya sun fi, domin ƙayarta tana da ƙugiya, tana kama juna tana kama fata. Ana kafa sanduna biyar ko shida a zagaye, a saƙa rassan a tsakaninsu, kaurin shingen ya kai kamu ɗaya, gindin rassan yana ciki, kawunan suna waje. Ƙayar da aka jibga kawai a kan itace ba shinge ba ce, iska za ta kwashe, ko ta karce ɓawon dashen. Ƙaya tana bushewa ta karye, gara tana ci, masu neman makamashi suna zara, don haka sau biyu a shekara ake sabunta ta: da kaka kafin a saki dabbobi, da kuma tsakiyar rani. A cikin gari inda yara ke wasa ba takalmi, ba na son ta. A rage rassa kawai, kada a kashe magarya sukutum don a tsare maɗaci.

Sauran dabarun da ake gani, na wucin gadi ne. Ganga da aka fasa sama da ƙasa tsayinta bai kai mita ɗaya ba, tana kuma zafi. Tsofaffin tayoyi da aka jera suna tara ruwa sauro ya hayayyafa, akuya kuma tana hawansu cikin sauƙi. Buhu ko tsohon gidan sauro da aka naɗa a kan sanduna yana da amfani guda: dabbar da ba ta ga kore ba ba ta cika nacewa ba, kuma yana rage bugun iskar hunturu. Muna naɗa shi a kan raga daga ƙasa zuwa mita ɗaya, a matsayin ƙari, muna sane da cewa rana za ta cinye shi cikin 'yan watanni. Kashin awaki da aka dama da ruwa aka yayyafa wa ganye yana sa su ƙyamaci itacen na 'yan kwanaki, amma sabon toho da zai fito ba shi da wannan kariya, kuma shi suka fi so.

Ko manyan ayyuka ba su tsira daga wannan ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, inda aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a 1975, sai da aka ɗauki masu gadi suna hana dabbobi shiga har itatuwan suka tasa. A titi ba mu da kuɗin mai gadi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne kowane itace yana da gida. Kafin a haƙa rami muna zuwa wurin mai gidan da ke fuskantarsa, ko mai shagon, mu ce: "Alhaji, wannan naka ne, inuwarsa a ƙofarka za ta sauka. Jarka biyu a mako muke roƙo, da ido." Idan ya yi jim, ba ma dasawa a nan. Itacen da yake na kowa da kowa shi ne wanda kejinsa ke kwana a buɗe. Masu awakin layin su ma ana zama da su cikin mutunci, tare da mai unguwa, domin yawancin awakin nan jarin matan aure ne da tsofaffi, faɗa ba zai sa a ɗaure su ba.

Ruwa a ranin farko: jarka mai lita 25, sau biyu a mako, daga lokacin da ƙasa ta bushe a Oktoba. Daga Maris zuwa saukar ruwa, sau uku. A zuba duka a lokaci ɗaya, da yamma, ya nutse. Ɗan kofi-kofi kullum yana jiƙa sama ne kawai, saiwa ta taso tana binsa, rana ta dafa ta. Inda ƙasa ke da tauri muna binne tsohuwar tukunyar ƙasa ko galan da aka huda a gefen itacen, taƙi biyu daga gindi, a cika a rufe baki. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka yana yi. Ruwan wanki mai sabulun gari da bilic, da ruwan da ya fito daga wurin makanikai, ba sa yi. A rufe kwarin da busasshen ganyen darbejiya ko tsakuwa don rage bushewa, amma a bar faɗin tafin hannu tsakanin abin rufin da jikin itacen, saboda gara. Idan aka ga ta fara gina ƙasa a jikinsa, a kankare da hannu, a barbaɗa toka, a ƙara ruwa, domin itacen da ƙishi ya raunana shi ta fi kamawa. A rani na biyu sau ɗaya a mako ya isa. A na uku sai dai a tsananin bazara.

Kada a karaya idan a shekarar farko kamar ba ya motsi. Aikin yana ƙasa. Daga damina ta biyu yake fara harbawa, kuma a nan ne wata matsalar da keji ba ya hanawa take bayyana. Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafin dare, Hypsipyla robusta, da ke yin ƙwai a kan sabon toho. Tsutsarsa tana huda kan itacen ta shiga cikin ɓargo tana ci. Alamarta: kan ya yi yaushi ya lanƙwashe alhali sauran ganye lafiya, a jikinsa kuma akwai ɗan huji da garin itace da danƙo. Ba ta cika kashe itacen ba, amma tana kashe kan, sai rassa uku ko huɗu su fito a madadinsa, itacen ya yi cunkus a ƙasa maimakon ya miƙe. Ga itacen titi wannan babbar illa ce, domin muna son kai ya yi saurin wuce bakin akuya, jiki kuma ya tashi sambal. Feshin magani ba ya kai wa tsutsar da ke cikin ɓargo. Abin da muke yi shi ne yanke kan daga ƙasan inda ramin ya tsaya, inda ɓargo yake fari tas, a tsaga guntun a kashe tsutsar. Bayan makonni, idan sababbin rassa sun kai taƙi ɗaya, a zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, a ɗaure shi da tsumma a jikin sanda, a cire sauran. Da damina duk mako ake dubawa.

Haka ake yi idan akuya ta samu shiga. A fara gyara inda ta shiga, kafin komai. Sannan a yanke tattaunannen wurin da wuƙa mai kaifi, a karkace, dab da saman ido mai rai, a ba da ruwa, a jira toho, a zaɓi ɗaya. Maɗacin da saiwarsa ta kama yana farfaɗowa daga ci ɗaya, har biyu. Wanda ake cinyewa duk lokacin da ya toho kuwa, abincin da ya tara a saiwa yana ƙarewa, sai ya tsaya cak ya bushe. Ɓarnar ɓawo ta fi ta ganye haɗari. Ta cikin ɓawo ne abincin da ganye ya sarrafa yake sauka zuwa saiwa. Idan an ɓare gefe ɗaya, ƙasa da rabin zagaye, a daidaita bakin raunin da wuƙa a bar shi ya sha iska, zai rufe da kansa. Kada a cusa masa siminti ko baƙin mai. Idan an zagaye shi duka, abin da ke sama ya tafi, ko da ganyen ya yi makonni yana kore. Sai a yanke daga ƙasan raunin a jira toho daga kututture, ko a sake dashe da damina.

Rassan ƙasa ba ma gaggawar cire su, suna ƙara wa jiki kauri. Wanda ya leƙo ta raga kawai muke datsewa, don kada a ja itacen da shi. Daga shekara ta biyu ake fara ɗaga su kaɗan-kaɗan, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda, har a samu jiki marar reshe na mita biyu da rabi a gefen masu tafiya, fiye da haka a gefen da manyan motoci ke bi. Idan an ɗaure itacen da sanda, tsumma ko yankin tsohon tub na taya ake sa wa, a sassauce, a duba duk wata. Waya ko igiyar leda tana nutsewa cikin ɓawo ta shaƙe shi.

Ba shekaru muke ƙirgawa kafin cire keji ba, itacen muke dubawa. Ganyen da ya fi kusa da ƙasa ya wuce mita biyu, jiki ya kai kaurin damtsen babban mutum, ɓawo ya yi tauri ya fara ɓarɓashi, idan ka girgiza shi gindin ba ya motsi. Inda ruwa bai yanke ba, wannan yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Inda raƙuma ke bi sai an ƙara haƙuri, domin bakinsu yana wuce mita uku. Da damina ake cirewa, lokacin da dabbobi ke da ciyawa. Kuma ba a barin jikin tsirara. Muna naɗa masa raga mai tsayin mita ɗaya da rabi, da ratar yatsu uku tsakaninta da ɓawo, ana sassauta ta kowace shekara.

Wannan ragar ta ƙarshe saboda mutane ce fiye da dabbobi. Gab da Babbar Sallah kowa yana neman inda zai ɗaure rago, igiya kuma tana goge ɓawon ƙaramin itace cikin kwana biyu, ragon ma yana tunkuyinsa. Muna kafa turaku daban a inuwa tun kafin ragunan su iso, don a samu abin nuna wa mutum idan an hana shi. Sai masu kafa ƙusa su rataya allo, da masu hura wuta a gindi da hunturu. Sai kuma masu sassaƙe. Ɓawon maɗaci magani ne da aka daɗe ana jiƙawa, shi ya sa za ka ga tsofaffin maɗatan bakin hanya duk tabo daga gindi har inda hannu ya kai, wasu an zagaye su sun bushe a tsaye. Babban itace yana jure sassaƙa kaɗan a gefe ɗaya. Mai shekara biyar ba ya jurewa. Bayan ragar, muna shafa wa jikin farar ƙasa har tsayin mita biyu, a sabunta bayan kowace damina, domin mai neman magani ba ya son ɓawon da aka shafa wa wani abu. Yana ragewa, bai hana duka ba. Kejin da aka cire kuma a duba turakunsa, a sauya wayar ɗauri, a ajiye shi a gidan da zai karɓi dashen damina mai zuwa.